Mako biyu na aikin lafiya da 'yan mishan a ƙasar waje: in je ko in haƙura?

Rifkatu:
Salama gare ku 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Shekarata tara ina aikin jinya, yawanci a ɗakin tiyata. Wata ƙungiyar mishan ta gayyace ni in bi tawagarta zuwa wata ƙasa, aikin sa-kai na mako biyu. Likitoci uku ne, mu nas-nas biyar, mai harhaɗa magani ɗaya, sai mutum goma sha biyu da ba ma'aikatan lafiya ba. Kowa shi zai biya wa kansa jirgi da masauki. Tun ina makarantar jinya nake roƙon Allah Ya nuna mini irin wannan rana. Amma da takardar tsarin aikin ta iso hannuna sai jikina ya yi sanyi. Kwana takwas ne na ganin marasa lafiya, a ƙauyuka huɗu, kwana bibbiyu, har da ƙananan tiyata. Na karanta ta sau uku, ban ga inda aka rubuta wanda zai duba mutanen bayan mun tafi ba. Ga kuma ƙanwata Hannatu, wadda lissafin kuɗi ta karanta, ta nace sai ta bi ni, wai an ce mata a can za a koya mata gwada jini da yin allura. Wanda ya taɓa irin wannan tafiya ya taimaka mini.

Ladi:
Sista ki tafi abinki. Aikin Allah ne, kada shakka ta raba ki da lada. Wanda bai taɓa ganin likita ba a rayuwarsa, kwana biyun ma babban abu ne a wurinsa.

Dakta Mansur:
Sista Rifkatu, sanyin jikin nan da kika ji, shi ne shekara taran da kika yi a bakin aiki take miki magana. Kada ki danne shi.

Na yi irin tafiyar sau biyu, da wata ƙungiya da ba zan kira sunanta ba, domin mutanen kirki ne kuma niyyarsu mai kyau ce. A ta farko mun ga mutum sama da dubu cikin mako guda, muka dawo muna murna da adadin. Shekara ta zagayo muka koma wuraren. Wani dattijo ya zo mini da kwalin maganin hawan jini da na ba shi bara, babu komai a ciki, ya adana shi a leda kamar takardar gida. Na wata ɗaya muka ba shi. Ya shanye, ya kai kwalin ɗakin shan magani mafi kusa, ma'aikacin wurin bai taɓa ganin wannan sunan ba kuma ba shi da irinsa. Wata goma sha ɗaya yana jiran mu. Abin da ya fi damuna ma, awo ɗaya tak na yi masa kafin in ce yana da hawan jini, bayan ya yi doguwar tafiya a rana ya kuma tsaya layi na awanni. A asibitin da nake aiki ba zan taɓa ɗora mutum kan maganin da zai sha har ƙarshen ransa da awo ɗaya ba. Don me na yi a can? Don mun san jibi za mu tafi.

Sai maganar tiyata, wadda ke kika fi ni sani. Yanka ba shi ne aikin ba, abin da ke biyo baya shi ne aikin. Ciwon da zai ruɓe, yawanci sai bayan kwanaki yake nuna kansa, lokacin kuna ƙauye na uku ko kuna cikin jirgi. Wa zai cire zare? Wa zai buɗe ɗinki in ya yi ruwa? Idan babu amsa a rubuce, da sunan asibiti da sunan likitan ƙasar da ya amince, to ku bar wuƙa a gida.

Bitrus:
Dakta, da girmamawa, amma irin wannan magana ce take kashe wa mutane gwiwa. Ka manta da su Dakta Tom Catena? Ba'amurke ne ɗan mishan na Katolika, tun 2008 yake asibitin Mother of Mercy a Gidel, cikin tsaunukan Nuba na Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a 2011 aka ce baƙi su fice, ya ƙi. Jiragen sama na jefa bama-bamai yana yi wa mutane aiki. Ko Catherine Hamlin da mijinta Reginald, da suka buɗe asibitin yoyon fitsari a Addis Ababa a 1974, mata fiye da dubu 60 suka samu magani ta hanyarsu. Imani ne ya tsayar da su, ba albashi ba.

Dakta Mansur:
Bitrus, ai ka taya ni magana ne. Duba shekarun da ka kawo da kanka. Hamlin ta sauka Habasha a 1959 da yarjejeniyar shekara uku, ta zauna har ta rasu a can a 2020 tana da shekara 96. Kuma gwamnatin Habasha ce ta nemi likitocin mata, su suka amsa, wato masu gida suka faɗi abin da suke buƙata. Abin da ya fi burge ni a tarihinta shi ne Mamitu Gashe, yarinyar da aka kawo tana yoyon fitsari a farkon shekarun 1960, ba ta yi makaranta ba, ta warke ta zauna, ta koyi aikin a hannunsu har ta zama tana koya wa likitocin da ke zuwa daga wasu ƙasashe yadda ake ɗinkin. Wannan da kwana bibbiyu a ƙauye huɗu ba abu ɗaya ba ne. Ban soki imanin kowa ba, tsarin na soka.

Malam Habibu:
Ku yi haƙuri, akwai abin da kowa yake kewayewa. Mutum goma sha biyun da ba ma'aikatan lafiya ba, me za su je yi? Mu faɗa wa juna gaskiya: wa'azi. Mace ta zo da ɗanta yana ƙuna da zazzaɓi, a zaunar da ita a tanti a yi mata wa'azi kafin ta kai ga likita. Za ta iya cewa a'a? Mai ɗa a hannu ba ya musu. Ni wannan ba na kiransa taimako.

Ladi:
Malam Habibu, ku fa ba kwa yi? Ko ƙungiyoyin da'awa ba sa raba magani?

Malam Habibu:
Suna yi, kuma ma'aunina ɗaya ne. Ina girmama marigayi Dakta Abdurrahman Al-Sumait na Kuwait ƙwarai, likitan da ya shafe kusan shekara talatin yana gina asibitoci da rijiyoyi da makarantu a Afirka, kuma bai taɓa ɓoye cewa shi mai da'awa ba ne. Amma duk wanda zai ce sai ka saurari wa'azina in ba ka ƙwaya, Musulmi ne ko Kirista, ya ci amanar mara lafiya.

Fasto Yohanna:
Malam Habibu, ban ji haushin maganarka ba, domin na ga abin da kake faɗa da idona kuma ya dame ni. Na taɓa bin wata tawaga da ta tsara layin ta yadda ba ka isa teburin magani sai ka ratsa ta tantin addu'a. Na ce wa shugaban tawagar a sauya, muka yi ta ja har dare, daga baya aka mayar da tantin gefe, wanda ya so ya je. Waɗanda suka je sun ragu sosai. Shugaban ya ji ba daɗi, ni kuwa na samu kwanciyar rai, domin waɗanda suka rage da ƙafarsu suka zo.

A Bishara, kutare goma aka warkar, ɗaya ne ya komo ya yi godiya, kuma ba a karɓe warkar sauran taran ba. Wannan ya ishe ni hujja. Ba kuma sabon ra'ayi ba ne a aikin agaji. Akwai ƙa'idojin aiki da Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji suka fitar a 1994, cikin waɗanda suka tsara su har da Caritas, ƙungiyar agaji ta Katolika, da Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya, Islamic Relief ma ta sa hannu. A ciki an yarda ƙungiya ta riƙe addininta, amma an hana ta ɗaura taimako a kan karɓar wata aƙida. Rifkatu 'yata, ki tambaye su ko sun sa hannu a kai. Idan ba su taɓa jin labarinsa ba, wannan ma amsa ce.

Abu ɗaya da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce mai bi ya ɓoye dalilin zuwansa. In mara lafiya ya tambaye ni me ya kawo ni, zan faɗa masa. In ya ce in yi masa addu'a, zan yi. Amma bayan ya karɓi maganinsa, ba kafin ba.

Malam Habibu:
Fasto, in haka ne ba mu da saɓani. Allah Ya ƙara mana irinka.

Sagir:
Ni ɓangarena zan taɓa, magani. Sista, ki tambayi mai harhaɗa maganinku daga ina kayan suka fito. Yawancin irin waɗannan tawagogi tara-tara suke yi: ragowar na asibiti, samfurin da kamfanoni ke ba likitoci kyauta, har da wanda mutane suka sha suka rage a gida. A cika akwatuna a hau jirgi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kyautar magani tun 1996, kuma sun hana wannan ƙarara. Dole maganin ya kasance saura aƙalla shekara ɗaya kafin ya lalace daga ranar da ya isa ƙasar, dole rubutun kwalin ya zama da harshen da ma'aikatan lafiyar wurin ke karantawa, da sunan maganin na asali ba sunan kamfani kawai ba, kuma ba a yarda da ragowar wani ko samfurin kyauta ba. Abin da ya jawo ƙa'idar ba ƙarami ba ne. A yaƙin Bosniya, tsakanin 1992 da 1996, an ƙiyasta tan 17,000 na maganin da aka aika ba shi da amfani, ya zama shara mai guba da sai an kashe kuɗi an ƙone.

Mafi sauƙi, a karɓi jerin magungunan da ma'aikatar lafiyar ƙasar ta amince da su, a saye su a can wurin dillali mai rajista. Kuɗin ya zauna a ƙasar, kuma dattijo irin na Dakta Mansur in nasa ya ƙare zai samu irinsa.

Murja:
Tambaya don Allah, kuɗin jirgin mutum ashirin da ɗaya, da a tattara a aika wa asibitin wurin ba zai ɗauki nas-nas 'yan ƙasa na shekara guda ba?

Bitrus:
A takarda haka ne. A zahiri mutumin da ya tara kuɗi don ya je da kansa, in ka ce ya aika kawai, ba lallai ya aika ba. Kuma da yawa cikin waɗanda suka zauna shekara ashirin, da tafiyar mako biyu suka fara.

Murja:
Na ji. Amma kenan amfanin tafiyar na mai tafiya ne, sai a daina cewa don su aka je.

Hajiya Binta:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Na yi shekara talatin da biyu ina jinya kafin in ajiye aiki, kuma na karɓi baƙi irinku a wurin aikina sau da yawa, don haka bari in yi magana daga ɓangaren masu masauki.

Da farko maganar Hannatu. Rifkatu, a matsayin uwa nake gaya miki, kada ki yarda ƙanwarki ta riƙe sirinji. Ke shekara nawa kika yi a makaranta kafin a bar ki ki soki mutum ba mai tsaye a kanki? Jijiyar talaka ba allon koyon rubutu ba ce. Abin da doka ta hana Hannatu yi a inda take, ta hana ta a ko'ina, ko da babu ɗan sandan da zai kama ta. Ku nemi labarin Renee Bach. Ba'amurkiya ce, ta je Uganda tana 'yar shekara 18, ba ta da horon aikin lafiya ko kaɗan, ta kafa ƙungiyar Serving His Children a Jinja. Da ciyar da yara aka fara, a hankali wurin ya koma karɓar yara masu tamowa mai tsanani. Daga 2010 zuwa 2015 yara 105 suka rasu a hannun cibiyar, hukumomin lafiya suka rufe ta. Iyaye mata biyu suka kai ƙara, aka sasanta a 2020 aka biya su, ba tare da ta amsa laifi ba. Ita tana cewa yaran sun zo mata ne a galabaice, kuma gaskiya ne tamowa tana kisa ko a babban asibiti. Amma duk nas ta san yaro mai tamowa ba a yi masa ƙarin ruwa yadda ake yi wa kowa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Wanda bai sani ba zai ga yaro ya bushe, tausayi ya sa ya rataya masa leda. Ba mugunta ke kashewa a nan ba, tausayi ne da ba ilimi.

Wannan ba ya nufin Hannatu ba ta da aiki. Lokacin Ebola a Laberiya, a 2014, Nancy Writebol 'yar mishan ce a asibitin ELWA na Monrobiya, ba likita ba ce ba nas ba. Aikinta taimaka wa likitoci su sa rigar kariya, ta kuma fesa musu sinadarin kashe ƙwayar cuta in sun fito. In ba a yi aikin nan daidai ba, likitocin ne za su mutu. Hannatu akanta ce. Ta riƙe rajista, ta rubuta wa kowane mara lafiya kati biyu, ɗaya ya tafi da shi, ɗaya a bar wa asibitin wurin. Ta riƙe lissafin magani, me ya shigo me ya fita. Wallahi wannan ya fi allura ɗari amfani, domin shi ne abin da baƙi suke tafiya ba su bar mana ba. Sai mutum ya zo maka bayan wata biyu ya ce baƙi sun ba shi farar ƙwaya, shi kenan abin da ka sani.

Sai ke kanki. Lasisinki na ƙasar da ta ba ki ne. Ki nemi izinin aiki na wucin gadi daga hukumar ma'aikatan jinya ta ƙasar da za ku, ki gan shi da idonki, kada ki yarda da "an gama komai". Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairun 2010, tawagogi suka yi ta kwarara, wasu ba rajista, ba bayanan marasa lafiya, aka yanke ƙafafu da hannuwa aka tafi ba mai bibiya. Abin da aka gani a can ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakan tantance tawagogin lafiya na waje a 2013.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi ci mini rai a lokacin da nake aiki. Baƙi su zo su raba magani kyauta kwana uku, mutane su ga farar riga daga nesa, su tafi. Mu da muke nan dare da rana sai mu koma ba mu iya komai ba a idon jama'a. Wata ta ƙi zuwa awon ciki wurinmu, wai tana jiran baƙi su dawo. In kin je, ki sa nas ɗin wurin a gaba, ke ki tsaya a bayanta. Ki tambaye ta yadda suke yi kafin ki nuna mata yadda kuke yi. Ita za ta kwana da mutanen.

Rifkatu:
Mama, na gode, Allah Ya saka da alheri. Hannatu na kusa da ni, tare muka karanta. Ta yi shiru.

Dakta Mansur:
Hajiya ta ambaci Writebol, bari in ƙara abu ɗaya. Ita da Dakta Kent Brantly na ƙungiyar agaji ta Kirista Samaritan's Purse sun kamu da Ebola a watan Yulin 2014, aka ba su maganin gwaji na ZMapp, aka ɗauke su a jirgi na musamman zuwa asibitin jami'ar Emory a Atlanta, suka warke. A wannan watan Dakta Sheik Umar Khan, wanda ya jagoranci yaƙi da cutar a Saliyo, ya rasu a ƙasarsa. Ma'aikatan lafiya fiye da 500 annobar ta kashe, kusan duka 'yan ƙasa. Ban faɗi haka don rage jarumtar su Brantly ba, sun sa ransu a gaba. Na faɗa ne don mu riƙa tuna cewa baƙo yana da ƙofar fita. Ke ma ki tambaya: akwai inshora? In allura ta soke ki, akwai maganin kariya daga HIV a hannu, wanda ake farawa cikin awa 72, kuma gara a awannin farko?

Bitrus:
To Dakta, a ganinka babu gajeriyar tafiyar da take da amfani kenan?

Dakta Mansur:
Akwai, sosai ma. Aikin da ake gamawa a zama ɗaya kuma ya sauya rayuwa, kamar cire yanar ido, mutum ya shigo ana ja masa gora washegari ya ga jikokinsa. Ko gyaran tsagaggen leɓe. Ko ƙwararre ya je asibitin da yake aiki tun da, ya riƙe wa likitan wurin aiki ya samu hutu, ko ya koyar da wata dabara. Dubi Mercy Ships, ƙungiyar da ke yawo da asibiti a cikin jirgin ruwa, da aka kafa a 1978. Da yawa cikin masu sa-kai a jirgin makonni kawai suke yi, amma jirgin kansa yakan zauna kusan wata goma a tashar ruwa ɗaya bisa gayyatar gwamnati, ana tantance marasa lafiya tun kafin, ana duba su bayan aiki, ana horar da 'yan ƙasa. Mutum ne yake zuwa ya tafi, aikin yana nan. Buƙatar kuwa ba a magana: kwamitin mujallar likitoci ta Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 ba sa samun tiyata mai aminci da za su iya biya. Nas ɗin ɗakin tiyata mai shekara tara irin Sista, ana neman ta ruwa a jallo. Shi ya sa ba na so ta ɓata kanta a raba bitamin a ƙarƙashin tanti.

Murja:
Kuma don Allah a bar ɗaukar hoton marasa lafiya ana sakawa a Facebook. Yaron da ba za ki so a ɗauki naki a wannan hali ba, kada ki ɗauki na wata.

Rifkatu:
'Yan uwa ga yadda ake ciki. Na rubuta wa shugaban tawagar duk tambayoyin nan. Ya amsa jiya da dare, kuma bai ji haushi ba, ya ce ba wanda ya taɓa tambayarsa haka. Izinin aiki, likitoci kawai aka nema wa, ya ce zai nema mana in mun tura takardunmu cikin makon nan. Magani, rabi an riga an tara, ya yarda Malam Sagir ya duba jerin in zai iya. Tantin addu'a a gefe yake tun da, ya ce shekara uku kenan da suka sauya. Inda muka tsaya shi ne tiyata. Akwai asibitin mishan da ke da nisan awa biyu daga ƙauyukan, amma ba a yi magana da su ba. Na ce masa in za a yi tiyatar a cikin asibitin, da yardarsu, su riƙe marasa lafiya bayanmu, zan zo in tsaya a ɗakin tiyata kwana takwas ɗin duka. In a ƙauye ne, ba da ni ba. Ya ce zai kira su ranar Litinin. Hannatu ta ce ita rajista za ta riƙe, har ta fara zana katin.

Sagir:
Turo jerin Sista, da hoton kwalayen ta inda kwanan watan yake. Zan duba a daren nan.

Hajiya Binta:
Ki ce wa Hannatu ta bar gurbi a katin na ranar cire zare da sunan wanda zai cire. Kuma a rubuta shi da harshen da nas ɗin wurin take karantawa.